Filin Mata: Gyaran Akurki Kafin Hunturu

Ga damina ta ja baya, an fara shigowa da amfanin gona, gidaje sun cika da dusa da tsaki. Wannan shi ne lokacin da kaji su ke ƙoshi, su yi ƙiba, su yi ta ƙwai. Amma kuma shi ne lokacin da mace mai hankali ta ke fara shiri, domin hunturu na tafe, kowa kuwa ya san abin da hunturu ya kan yi wa akurki. Saboda haka zancenmu na wannan mako a kan kaji ne.

Kada wata ta ce, "Kaza kuma har ta isa a ɓata takarda a kanta?" Ta isa mana! Kaza ita ce asusun mace. In baƙo ya sauka ba shiri, ita ce za ta fid da ke kunya. In yaro ya kwana da zazzaɓi maigida ba ya gari, ita za ki kama ki aika kasuwa, a sami na zuwa asibiti. Kuɗin littafin makaranta, da sabulu, da gudummawar biki, sau da yawa daga akurki su ke fitowa. Mata nawa ne su ka fara da kaza guda, ta zama akuya, akuya ta zama tinkiya?

To, bari mu yi ɗan lissafi. Kazar gida ta kan yi kwanci kamar sau 3 a shekara. A ce kowane karo tana ƙyanƙyashe 'yan tsaki 8, kun ga 24 ke nan a shekara. Mai kaji mata 5 ashe ya kamata ta ga 'yan tsaki 120 kafin shekara ta zagayo. To, ina su ke? Wace ce a cikinmu ta taɓa ƙirga kaji ɗari a tsakar gidanta? Kazarmu ba ta gaza wajen ƙyanƙyasa ba. Abin da ta ƙyanƙyashe ne ba ya rayuwa, raya shi kuwa aikin mai kaza ne. Asarar ta ƙofa uku ta ke fita: annoba, da wahalar 'yan tsaki a makonninsu na fari, da masu ɗauka na sama da na ƙasa. Kowace ƙofa kuwa tana da marufi.

Annobar hunturu

Kun san ta. Da safe ki ga kaza ta takure, ta saki fikafikai kamar wadda ta yafa zane, tana gyangyaɗi, tana buɗe baki da ƙyar ta ke numfashi, kashinta ya zama ruwa-ruwa kore. Wata wuyanta ya murɗe, ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango, na maƙwabta ma haka. Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta Niyukasul, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gane ta a 1926. A ƙasar nan ta fi yin ɓarna daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin sanyi da ƙura, lokacin kuma da ake yawan kai kaji kasuwa ana kawowa.

Abin da na ke so kowace mace ta riƙe shi ne, wannan cuta ba ta da magani in ta riga ta kama. Ƙwayar da ke kawo ta irin wadda ake kira bairos ce, kafso ba ya kashe ta. Na san da yawa su kan fasa kafson mutane su zuba a ruwan kaji, wasu su jiƙa barkono ko ɓawon maɗaci. In kaza ɗaya ta tashi sai a ce magani ya ci, alhali ƙarfin jikinta ne ya fisshe ta. Kafson nan kuwa asarar kuɗi ce, sa'an nan ya kan saura a cikin nama da ƙwai, iyali su ci ba su sani ba.

Amma Allah ya sa akwai rigakafi, rigakafi kuwa ya fi magani. Masana a ƙasar Ostireliya sun fitar da wani iri mai suna I-2 musamman don kajin ƙauye, domin ya fi sauran jure zafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, wadda ta ke can tun 1924, tana yin sa. Ba allura ba ce. Ɗigo ɗaya ne ake ɗiga wa kaza a ido, babba da ƙarama, har ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe jiya. A riƙe kan kazar har ɗigon ya shige, shi ke nan. Ba ya hana cin namanta ko ƙwanta.

Sai dai a kula da abu huɗu. Na ɗaya, kariyar ba ta kan kama jiki sai bayan kamar mako 2, don haka a yi tun cutar ba ta shigo unguwa ba. Na biyu, ƙarfinsa ya kan ragu, sai a maimaita kowane wata 4. Mai son sauƙin tunawa ta riƙe Oktoba, da Fabrairu, da Yuni. Na uku, kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata, ba zai amfane ta ba. Na huɗu, ko da ya ke yana jure zafi, ba a barinsa a rana. A naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa, in an haɗa shi da ruwa kuma a yi amfani da shi ba da jinkiri ba, yadda malamin dabbobi ya faɗa.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya. Ashe kun ga wannan aikin taro ne. Matan da su ke adashi tare, ko su ke haɗuwa a makarantar Islamiyya, su haɗa kuɗi, su aiki wani amintacce ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a sa rana. A kulle kaji tun daren jiya, da sassafe a bi gida gida. Amfanin haka biyu ne: kuɗin ya yi sauƙi, kuma kajin maƙwabta ba za su kawo wa naki ciwo ba.

Baƙuwar kaza

Yawanci cuta a hannu ake kawo ta gida. Kazar da aka sayo da araha a kasuwa, ki tambayi kanki abin da ya sa mai ita ya ke sauri ya rabu da ita. Mutane da dama da sun ga annoba ta fara sai su kwashe sauran su kai kasuwa. Don haka duk kazar da ta shigo gidanki, ko saye ce, ko kyauta ce daga dangi, ko ma taki ce da aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, ki kife ta a kwando can gefe har mako 2, kaskon ruwanta dabam. In ta cika kwanakin lafiya lau, sa'an nan ta shiga cikin 'yan'uwanta.

Wadda ta nuna alamar ciwo kuwa a ware ta nan da nan. In ta mutu kada a jefa ta a juji ko bayan katanga, kare ko hankaka su ja ta su watsa cutar. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone.

A nan tilas in ja kunne a kan murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a jihar Kaduna, a watan nan kuma aka same ta a Magarya ta ƙasar Nijar. A Janairu na 2007 ta kashe wata mace a Legas. Ta sake dawowa a 2015, da kuma 2021. Alamunta sun yi kama da na Niyukasul ƙwarai, ido ba ya iya rarrabewa, ga shi ita tana iya kama mutum. Saboda haka in kin ga kaji suna faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi baƙi-baƙi, kai ya kumbura, kada ki ce bari a yi maza a yanka kada a yi asara. Wajen yanka da fiɗa da figa ne mutum ya ke ɗauka. Ki hana yara taɓa su, ki wanke hannu da sabulu, a sanar da malamin dabbobi. Asarar kaza ana mayarwa.

Zaɓen iri da kwanci

Mu dawo kan abin farin ciki. Al'adarmu ce in za a yi yanka ko sayarwa sai a kama wanda ya fi girma, a bar ƙananan su yi ta haihuwa. Da haka iri ya ke lalacewa. Ki bar wa kanki zakara mafi ƙarfi da kuzari, da kazar da kin san tana zama a kan ƙwanta, tana kuma faɗa a kan 'ya'yanta. Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Sauran zakaru cin hatsi kawai su ke yi da faɗa, su ne na tukunya da na kasuwa. Bayan shekara guda ko biyu ki musanya zakaranki da na wata unguwa, don kada ya riƙa bin 'ya'yansa, 'yan tsaki su riƙa fitowa raunana.

Akwai kajin zamani masu yawan ƙwai, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar, da kuma Noiler da ake sayarwa ko'ina. Suna da amfani ga mai iya ciyar da su. Amma ba su cika yin kwanci ba, ba su kuma kai kazar gida wayon tsere wa shaho ba. Mai son su ta haɗa da nata na gida, kada ta sayar da uwayen kwancinta kaf.

In kaza ta fara saka ƙwai, ki riƙa ɗauka kullum kina barin ɗaya a gurbi, ki rubuta ranar a jikin kowanne da fensir ko gawayi. Ki ajiye su wuri mai sanyi, gefen randa ya yi, tsinin yana kallon ƙasa. Kada a wanke ƙwan da za a sa wa kaza, wanki yana cire abin da ke tsare ɓawon daga ƙwayoyin cuta. Ranar da ta zauna, ki zaɓi waɗanda ba su wuce kwana 7 zuwa 10 ba, masu tsabta, marasa tsaga. Tsofaffin a dafa wa yara. Kada kwaɗayi ya sa ki tara mata 15. Abin da fikafikanta za su rufe shi ne nata: 8 zuwa 10 ga ƙaramar kaza, 12 ga babba. In sun yi yawa, na gefe su kan yi sanyi, ita kuwa tana jujjuya su, yau wannan a gefe gobe wancan, sai a tashi da baragurbi da yawa.

Gurbin ya zama a wuri mai duhu-duhu, inda sauran kaji ba za su dame ta ba. Ki zuba toka a ƙasa, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ki aje ruwa da hatsi kusa, don kada ta daɗe a waje. A kwana na 10, da dare, ki haska kowane ƙwai da tocila a cikin tafin hannu. Mai rai za ki ga duhu da jijiyoyi a ciki, wanda ya fito fes kuwa babu komai, a cire shi. Kwana 21 kaza ta ke yi ta ƙyanƙyashe. In ƙwan zabi kika sa mata, sai kwana 26 zuwa 28, don haka kada a haɗa su rana ɗaya a gurbi ɗaya. Ki sani kuma kwancin bazara ba ya cika albarka saboda tsananin zafi. A watannin nan gara a ci ƙwan, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Makonni shida na fari

Nan ne mafi yawan asara ta ke. Uwa ta ƙyanƙyashe yau, gobe ta ja su cikin raɓa da sanyi, ta bi juji da kwata da su, mai ƙarfi ya bi, rarrauna ya faɗi a hanya. Yau 10, jibi 7, bayan wata guda saura 2. Dabarar kuwa ba ta da tsada. Ki sami babban kwando mai faɗi, ko a saƙa miki keji na kara ko na waya, ki kife uwa da 'ya'yanta a ciki har mako 4 zuwa 6. Kullum ki matsar da shi sabon wuri mai tsabta, inda akwai hantsi da safe da inuwa da rana. Da dare a shigar da su inda iska ba ta bugu, a shimfiɗa musu buhu ko ƙaiƙayi. Sanyin hunturu shi kaɗai yana kashe ɗan tsako.

Tun da kin tsare su, ciyarwa ta zama taki. Tsakin gero ko na masara da dusa su ne tushe, amma su kaɗai ba sa gina jiki. A kwanakin fari ki dafa ƙwai ɗaya ki murmushe musu. Bayan haka ki riƙa haɗawa da garin busasshen kifi, ko tunkuza marar gishiri, da yankakken ganyen zogale. Gara kuwa babu kamarta. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da shuri da yamma, da safe a ɗauko a zazzage musu. Hatsin da ya yi fumfuna kada a ba su, yana da dafi mai lalata hanta. Ruwa kuma a kasko marar zurfi, a zuba 'yan tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe, a wanke shi a sake ruwa kowace safiya. Su kuwa manya masu ƙwai, a ƙona ƙashi ko ɓawon ƙwai a daka a zuba musu, ɓawon ƙwansu zai yi ƙwari.

Shaho da muzuru

Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Kwandon nan da na faɗa shi ne babban maganin shirwa da shaho da hankaka, domin ɗan tsakon da ya kai mako 6 ya yi wayo, ya san ya ruga in uwa ta yi ƙara. In kin sake su, ki tabbata akwai wurin fakewa a tsakar gida: rumfa, ko ƙarƙashin rumbu, ko 'yan rassan ƙaya da aka jingina. Wasu su kan shafa wa 'yan tsaki shuɗi ko ja don su rikita shaho. Ba laifi, amma kada a dogara da shi a bar kwando.

Na dare kuwa, watau muzuru da gafiya da ɓera da maciji, da tunku mai zuwa ko da rana, maganinsu akurki ne mai kyau. Kazar da ke kwana a kan katanga ko a bishiya rabon muzuru ce, rabon ɓarawo kuma. A ɗaga akurki daga ƙasa kamar kamu biyu, a kifa tsohon gwangwani ko a naɗa langalanga a kowace ƙafa don kada mai hawa ya hau. A yi masa ƙofa mai rufuwa gam, da 'yan tagogi na iska da aka rufe da waya mai ƙananan idanu. A gitta sanda a ciki don su hau su kwana. In na ƙasa ne, a bi shi a toshe kowace kafa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A share ciyawa da tarkace da ke kewaye, kada kuma a bar ragowar hatsi ya kwana a ƙasa. Hatsi ke kiran ɓera, ɓera ke kiran maciji. Ki saba musu da ɗan tsaki da yamma a bakin akurki, za su riƙa dawowa da kansu, ke kuma ki ƙirga su ki rufe.

Akwai kuma ƙananan ɓarayi masu shan jini, ƙuma da ƙwarƙwata da kaska, wasunsu su kan ɓuya a tsagar bango da rana su fito da dare. Su ne kan sa kaza ta gudu ta bar ƙwanta. A share akurki kowane mako, a barbaɗa toka, a shafe bango da farar ƙasa, a ƙone tsohuwar ciyawar gurbi bayan kowane kwanci. A tara musu toka da yashi a wani lungu su riƙa birgima. Ƙumar da ke manne a gefen ido a shafa mata man kaɗe ko basilin, za ta mutu ta faɗi. Amma don Allah kada a fesa wa kaza fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona. Yana kashe kazar, yana kuma iya cutar da mai ci. Kashin da aka share kuwa taki ne mai ƙarfi, a tara shi ya huce kafin a kai wa lambu.

Kaza da yaro

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk sauran. Saboda tsoron ɓarawo wasu su kan kwana da kaji a ɗaki ɗaya da yara. Wannan ba daidai ba ne. Kashin kaza, ko da mai lafiya ce, yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da ya tsinta baki ya ke kai wa. A yi wa kaji wurinsu dabam, a share tsakar gida tun yara ba su fito ba, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma, a rufe kwanukan abinci da randa. Ƙwai kuma a dafa shi sosai a ba yara. Zancen da ake yi wai yaron da ke cin ƙwai zai yi sata ba shi da tushe. Ƙwai yana cikin abinci mafi gina jikin yaro daga wata 6 zuwa sama, haka mace mai ciki da mai goyo.

To, 'yan'uwa, ga aikin wannan mako. A yi magana da maƙwabta a kan rigakafi tun Oktoba bai wuce ba. A duba akurki a toshe kafofi. A nemi kwando tun kaza ba ta sauko daga kwanci ba. An ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma ba a ce mai zakara ta bar ƙofar akurki a buɗe ba. Wadda ta gwada, ta ƙirga 'yan tsakinta ranar ƙyanƙyasa, ta sake ƙirgawa bayan wata 2, ta rubuto mana abin da ta gani don sauran mata su ƙaru.

Allah ya sa albarka a abin da mu ke kiwo, ya tsare mana iyali. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.